Ƙidayar Abincin Ɓarawo

Ƙarfe huɗu na asuba muka bar San Andrés,
fitilun gari suna ƙanƙancewa a bayanmu.
Eleuterio ya riƙe sitiyari da hannu ɗaya,
ɗayan yana jin ɗumin kofin shayi.
Bai tanka mini ba sai da muka wuce tsibiri:
"Ke ce 'yar Crisanto? Ikon Allah."

Na san inda maganarsa ta dosa.
Ubana ya tsufa yana zagin zakin teku,
mai gashin baki, mai haushi irin na kare,
wanda ke yaga taru da tsakar dare,
ya ci rabi, ya watsar da rabi.
Na tashi ina ganin baba zaune a kan yashi,
taru bisa gwiwa, allura a tsakanin haƙora,
yana ɗinki yana tsinuwa.
Yau ga 'yarsa ana biyanta albashi
ta ƙirga ko abincin ɓarawon zai isa.

Ba a ƙirga kifi kamar awaki a ƙofar garke.
Ƙara muke aikawa ƙasa,
mu jira ta dawo da labari.
In ta ci karo da garken ancobeta,
ɗan kifin nan da bai cika taƙi ba,
sai allon na'ura ya yi ja, ya yi kauri
kamar hadarin da ya sha ruwa.
Yau allon shuɗi ne. Shuɗi, shuɗi,
sai ɗan ɗigon kore can ƙasa,
zurfin da uwa mai shayarwa
ba ta kai shi da numfashi ɗaya.

Zenobia ta tsoma ma'aunin zafi, ta ɗago,
ta sake tsomawa, ko ƙarya ya yi.
Ruwan da ke sa yatsa ya sandare
bana ya yi ɗumi kamar na wankan jego.

Muka saki koma sau uku.
Bokiti ɗaya da rabi.
Na jera su a kan katako mai zane,
goma sha ɗaya, goma da rabi, tara,
Zenobia na rubutawa da fensir,
don biro ba ya jure gishiri.
Na tsaga ciki: ba kitse, ba ƙwai.
Na ciro ɗan dutsen da ke cikin kunne,
bai kai ƙwayar gero ba,
amma shekarun kifin na rubuce a jikinsa.
Yara ne duka. Ina iyayen?

Da la'asar muka raɓi duwatsun San Gallán.
Wari ya riga kuka isowa.
Ƙananan suna kwance baƙi-baƙi,
haƙarƙari a fili, ana iya ƙirgawa daga jirgi,
kowanne ya ɗaga kai wajen ruwa.
Ɗaya ya biyo inuwarmu har bakin dutse
yana kira da murya irin ta ɗan akuya.
Eleuterio, wanda ya sha jifansu da ƙuruciya,
ya rage wutar inji ba wanda ya sa shi.

Babu gurbin wannan a takardata.
Akwai na tsawo, na nauyi, na zurfi.

Da dare na tarar da baba a ƙofar gida,
rediyo na magana shi kaɗai.
"Nawa kika samu?"
Na ce kaɗan.
"Kaɗan ɗin mutane ko kaɗan ɗin gwamnati?"
Na ce duka.

Ya daɗe yana kallon tarun da ke rataye,
busasshe, lafiyayye, ko huda ɗaya babu.
"Sati uku ke nan ban ɗauki allura ba," in ji shi.
"Shegun ko leƙo ni ba su yi."
Ya tofar da yawu, ya gyara zama.
"Gobe ki duba kudu da tsibirin,
inda ruwa ke yin baƙi da hantsi.
Kada ki ce ni na faɗa miki."